Sana'ar Fihirisa da Amanar da Ke Cikinta

Tun lokacin da littattafai suka yawaita har suka fi ƙarfin haddar mutum guda, ma'abota ilimi suka fahimci cewa tara su bai wadatar ba, sai an sami wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya karanta, ya rubuta inda kowace mas'ala take, domin mai nema ya isa ga buƙatarsa ba tare da ya ɓata shekarunsa yana buɗe shafuka ba. A shekara ta 377 bayan Hijira, wato 987 Miladiyya, wani mai kwafar littattafai da sayar da su a Bagadaza, Ibnun Nadim, ya wallafa Al-Fihrist, inda ya kasa fannonin ilimi kashi goma, ya jera marubuta da abin da suka rubuta. Bayansa da ƙarnuka, a 1945, Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi ya fitar da Mu'ujamul Mufahras na lafuzzan Alƙur'ani a Masar, wanda malamanmu suka sani sarai: ka nemi kalma, ya nuna maka kowace sura da kowace ayar da ta zo a ciki.

Wannan tsari na bin kalma zuwa mazauninta shi ne ginshiƙin injinan bincike na zamani. Archie, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar McGill ta Kanada a 1990, sunayen fayiloli kawai yake jerawa. Google da aka kafa a 1998 ya bi shafukan intanet yana karanta matanin da ke cikinsu. Doug Cutting kuwa ya rubuta manhajar bincike ta Lucene a 1999, wadda a kanta Shay Banon ya gina Elasticsearch a 2010, har kamfanoni da ma'aikatu suka sami damar yi wa takardunsu na cikin gida fihirisa. To, a nan ne wata mas'ala ta taso wadda magabata ba su fuskanta da wannan tsanani ba, domin Ibnun Nadim littattafan da ke kasuwa ya lissafa, alhali manhajar da ke yi wa asibiti ko banki fihirisa dole ta karanta bayanan marasa lafiya da asusun jama'a, harafi bayan harafi, ta kuma ajiye kwafinsu.

Da aka fara hayar kwamfutocin gajimare, musamman bayan Amazon ya buɗe ma'ajiyarsa ta S3 a 2006, sai sirrin ya bar gidan mai shi ya koma ginin wani, kuma sakaci ya yi yawa. A watan Satumba na 2019 masu bincike kan tsaro suka gano wata ma'ajiyar Elasticsearch a buɗe, ba kalmar sirri, ɗauke da bayanai kimanin miliyan 20 na mutanen Ekwado, adadin da ya zarce yawan al'ummar ƙasar, saboda har da na mamata a ciki. Sai a 2022, da fitowar siga ta 8, Elasticsearch ya mayar da kulle ya zama a kunne tun daga farko.

Maganin da aka yi ittifaƙi a kansa shi ne katange hanya. Amazon ya fito da keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa a cikin gajimare a 2009, Microsoft kuma ya samar da Private Link, wanda ke ba ma'ajiya adireshin da ba a iya kaiwa gare shi daga intanet. A sabis ɗin bincike na Azure, wato gajimaren Microsoft, manhajar fihirisa tana iya aiki a ɗayan wurare biyu: ko dai a kan kwamfutocin da abokan ciniki da yawa suke tarayya a kansu, ko a kan waɗanda aka keɓe wa sabis ɗinka kaɗai. Na farkon tamkar baƙo ne wanda iyakarsa zaure, don haka idan an rufe ƙofar ma'ajiya ga jama'a, ba shi da ikon shiga. Saboda haka mai kula da tsarin yakan fara da neman keɓaɓɓiyar mahaɗa daga sabis ɗin bincike zuwa ma'ajiyar, mai ma'ajiyar ya duba buƙatar ya amince da ita da hannunsa, sa'an nan a buɗe takardar saitin manhajar a gyara layi guda, wanda zai wajabta mata aiki a keɓaɓɓen wuri. Wanda ya manta da wannan layi yakan tarar da aikin ya tsaya, manhajar tana kukan an hana ta isa ga bayanai. Farashin aiki a keɓaɓɓen wuri kuwa shi ne nauyin aikin zai koma kan kwamfutocinka, har bincike ya yi jinkiri idan takardun suna da yawa.

Sana'ar ta sauya hannu daga alƙalami zuwa na'ura, amma sharaɗinta bai sauya ba: wanda zai yi fihirisa sai ya ga kome. Don haka duk wanda aka damƙa wa bayanan jama'a, kafin ya tambayi saurin injinsa, ya fara sanin inda mai fihirisarsa yake zaune da hanyar da yake bi, domin amana ce, kuma za a tambaye shi a kanta.