Yadda Yawo da Bindiga Ya Zama Haƙƙi a Amurka

Finafinan kaboyi sun sa mutane da yawa zaton tun fil azal Ba'amurke ke rataya bindiga ya shiga kasuwa ba mai ce masa uffan. Ba haka abin yake ba. Tun a 1813 jihohin Kentucky da Louisiana suka haramta ɓoye makami a jiki. Garin Tombstone ma, da ya yi ƙaurin suna wajen harbe-harbe, dokarsa ta 1881 ta ce baƙo in ya shigo gari ya ajiye bindigarsa. A 1911 jihar New York ta wajabta lasisi, daga baya aka ƙara sharaɗin kawo ƙwaƙƙwaran dalili, jami'i kuma in bai gamsu ba ya hana.

Ko a 1967, da 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther suka shiga majalisar dokokin Kalifoniya riƙe da bindigogi, gwamna Ronald Reagan, ɗan ra'ayin riƙau, shi ya sa hannu a dokar hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a. Wanda ke riƙe da bindigar kan sauya ra'ayin ɗan siyasa.

Al'amura sun juya ne a 1977, lokacin da masu tsattsauran ra'ayi suka ƙwace shugabancin ƙungiyar masu bindiga ta NRA a taronta na Cincinnati. Ƙungiyar da aka kafa a 1871 don koyar da saiti sai ta zama jigo a siyasa. A 1987 ta yi nasara a Fulorida: duk wanda ya cika sharuɗɗa dole a ba shi lasisi.

Abin da ya faru a Teksas ya fi kowace muhawara tasiri. A 1991 wani mutum ya kutsa da mota ta tagar wani gidan abinci a garin Killeen, ya harbe mutum 23. Wata mata mai suna Suzanna Hupp na ciki tare da iyayenta. Tana da ƙaramar bindiga, amma ta bar ta a mota don gudun saɓa wa doka, aka kashe mata uwa da uba. Ta yi ta ba da wannan shaida a gaban 'yan majalisa, har gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar sassauci a 1995. Labari ne mai ratsa zuciya, sai dai labari guda ba ya nuna abin da ke biyo baya idan miliyoyi suka ɗauki makami.

Kotun Ƙoli daga baya ta shigo. A 2008 ta ce gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na 1791, ya bai wa mutum haƙƙin ajiye bindiga a gida. A 2022, alƙalai shida cikin tara suka soke sharaɗin nan na New York. Yanzu fiye da rabin jihohin Amurka ba sa ma neman lasisi kafin mutum ya soke bindiga a ƙugu ya fita.