Shifta da Sifelin: Tarihin Koyon Rubutun Turanci a Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a yau ƙananan hukumomi ne a kudancin Jihar Jigawa, gundumomi ne na masarautar Kano a zamanin mulkin Turawa, kuma a cikin Jihar Kano suka zauna tun daga 1967 har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa, saboda haka tarihin karatun boko a cikinsu reshe ne na tarihin boko a Lardin Kano. Wani ɓangare na wannan tarihi da ba a cika waiwayarsa ba shi ne na sifelin, wato jera haruffan kalmar Turanci yadda ƙamus ya tanada, wanda ya daɗe yana cikin ma'aunan da ake gane mai ilimi da su, tun daga ajin midil har zuwa takardar neman aiki. Yaron wannan yanki bai taɓa zuwa gaban Turanci hannu rabbana ba, domin yakan iso ne ɗauke da tarbiyyar rubutu iri biyu masu saɓa wa juna, ta allo da ta bokon Hausa, kuma wadda ta fi kama da Turanci a ido, wato boko, ita ce ta fi kawo masa cikas.

Tarbiyya ta farko ita ce ta makarantar allo, wadda ta riga boko da ƙarnuka. A can yaro yana farawa da babbaƙu, wato baƙaƙen Larabci tsurarsu babu wasali, kowanne da sunan da Hausawa suka laƙaba masa gwargwadon siffarsa, irin su lam ara da mim jaye da ha kuri, sannan ya shiga farfaru, inda ake ɗora wasulla, kafin ya kai ga haɗa su ya fitar da kalma. Gardin da ya yi nisa har ya fara rubuta allonsa da ka yakan tarar cewa rubutun Alƙur'ani yana da tasa ƙa'idar da ake kira rasmu, wadda ba kullum take bin furuci ba: akwai alifin da ake rubutawa bayan wawun jam'i ba a furta shi, akwai kalmomin salla da zakka da ake rubutawa da wawu amma a karanta su da ja, akwai kuma kalmar rahama da ta'unta ke zuwa a ɗaure a wani wuri, a buɗe a wani wurin. Alaramma yana haddace waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, har ya san sau nawa kowace siffa ta zo, kuma idan ya zauna duba alluna a wurin darasu, ba ya karɓar uzurin cewa haka kalmar ta faɗa a kunne. Darasin da ɗalibi ke fita da shi a nan shi ne, kalma tana da surarta, kuma da ido ake riƙe ta.

Bokon Hausa ya zo da akasin haka. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Romawa a 1912, sannan a shekarun 1930 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta daidaita rubutun, aka shigo da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Manufar tsarin ita ce kowane harafi ya tsaya a kan sauti ɗaya, kuma duk da cewa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, ya yi sauƙin da yaron elementare, wanda ya fara da rera ba, be, bi, bo, bu, kan iya rubuta wasiƙa kafin ya gama aji biyu. Wannan sauƙi ne ya sa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, ta samu masu karatu a ƙauyuka, shi ne kuma jarin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Ƙa'idar da boko ya dasa a kan yaro guda ɗaya ce: ya rubuta abin da ya ji.

Ita wannan ƙa'ida ce Turanci ke rushewa tun ranar farko. Harshen yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kimanin 44, kuma rubutunsa tarkacen zamuna ne da aka jibge a kan juna. Mamayar da Normandawa suka yi wa Ingila a 1066 ta shigo da kalmomin Faransanci da salon marubutansu. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a 1476, a daidai lokacin da furucin dogayen wasullan Turanci ke sauyawa, sai rubutu ya daskare alhali baki ya ci gaba da tafiya. Masana masu sha'awar Latin suka cusa harafin b a cikin "debt" da "doubt" don tuna asalin kalmomin, ba don wani ya taɓa furta shi ba. Harafin k na farkon "knife" kuwa an furta shi a da, daga baya ya faɗi daga baki ya saura a takarda. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara tabbatar da siffofin da ya tarar. Idan aka dubi al'amarin da idon almajiri, sifelin ɗin Turanci wani rasmu ne: rubutu da ke adana furucin mutanen da suka shuɗe, wanda ba a samunsa sai da hadda. Haruffan Romawa da ya yi tarayya da boko a kansu su ne tarkon, domin yaron da ya saba harafin c yana ba shi sautin farkon "ciki" da "cuku" sai ga shi ana ce masa a "cat" sautin k ne, a "city" kuma sautin s.

A zamanin En'e Turanci ba na kowa ba ne. Makarantun elementare da Hausa suke koyarwa, kuma bayan sauye-sauyen da E. R. J. Hussey ya kawo a wajajen 1930, Turanci sosai sai yaron da aka zaɓa zuwa midil, wanda ga ɗan Birnin Kudu ko Gwaram yana nufin barin gida zuwa makarantar kwana. Malaman midil da yawa ɗaliban Kwalejin Katsina ne, wadda aka buɗe a 1921, kuma ta yi suna wajen tsananta horo a kan furuci, har ana misali da Turancin ɗalibanta irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da yake ɗaliban kaɗan ne kuma zaɓaɓɓu, malami yana iya bin littafin kowa. Babban makamin aikin shi ne shifta, wato malami ya karanta ɗalibi ya rubuta ba tare da ganin littafi ba. Malami yakan karanta sakin layi sau ɗaya a saurara, sannan ya maimaita shi gaɓa-gaɓa yana ambaton waƙafi da aya, ajin ya yi tsit sai ƙarar alƙalami, daga nan a tattara littattafai ya bi su da jar tawada, yana zagaye duk kalmar da aka kuskure, ɗalibi kuma ya sake rubuta ta sau da yawa a ƙasan shafi, wani lokaci bayan ya sha bulala gwargwadon adadin kurakuransa. Duk wanda ya san wankin allo da sake rubutu zai gane wannan hanya, kuma mai yiwuwa shi ya sa ba ta zama baƙuwa ga ɗaliban ba. A kan irin wannan horo, da ƙamus ɗin Michael West a cikin akwati, da dokar hana magana da Hausa a harabar makaranta, aka gina martabar makarantun kwana irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta tara ɗalibai daga sassan tsohuwar Jihar Kano, cikinsu har da Aliko Ɗangote.

Kurakuran da jar tawada ke zagayewa ba barkatai suke ba, suna da tushe a tsarin sautin Hausa. Hausa ba ta bambanta p da f a matsayin sautuka biyu masu sauya ma'ana, don haka "pull" da "full" kan zama abu ɗaya a kunne, a kuma musanya su a takarda. Ba ta da v, sai "vote" ya koma "boat". Sautin da ake rubutawa da th kan koma s ko z. Wasulla biyar na Hausa kuma ba sa isa su raba "cat" da "cut" da "cart". Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa kalmomin aro suka zama burodi da sukurudireba da firamare, kuma wasalin da baki ya saba cusawa yakan biyo hannu zuwa littafi. A nan akwai abin lura game da yankin, wanda ke da Fulani masu yawa: yaron da ya tashi da Fulatanci a baki ya riga ya san p daban f daban, tun da a harshensa mutum ɗaya Pullo ne, jam'insa Fulɓe, saboda haka wannan ƙaya ba ta cika sukarsa ba, sai dai idan Hausar gari ta riga ta rinjayi kunnensa.

Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976, ya kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin ta ba, amma ya ninka ɗalibai fiye da yadda aka iya ninka ƙwararrun malamai, har sai da aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar don horar da su suna bakin aiki. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a farkon firamare, a koma Turanci daga baya. Shifta kuwa tana da sharuɗɗa biyu da ba a cika ambata ba: bakin da ke karantawa ya bambanta sautukan, sannan a samu mai lokacin duba kowane littafi. Inda aji ya cika ya batse, malamin kuma shi kansa bai raba p da f ba, sai aikin ya koma rera haruffa baki ɗaya a bayan malami da kwafe abin da ke kan allo, kuskuren alli ya shiga littattafan aji gaba ɗaya. A sakandare kuma ɗalibi ɗaya kan ji Turancin malamin Indiya da na Gana da na ɗan bautar ƙasa daga Kudu a yini guda, kowanne da irin furucinsa ga kalma ɗaya, abin da ya ƙara nuna cewa kunne ba abin dogaro ba ne a wannan fage.

Hukumar jarrabawa ta WAEC, da aka kafa a 1952, ba ta sassauta ba. A tsarin duba insha'in Turanci ana ware maki goma cikin hamsin don tsabtar rubutu, ana cire rabin maki a kan kowane kuskuren sifelin ko nahawu ko alamar rubutu, ta yadda kurakurai ashirin sun isa su cinye kason baki ɗaya, alhali kiredit a Turanci sharaɗi ne na shiga jami'a.

A 'yan shekarun nan an shigo da hanyar koyar da sautuka, musamman shirin Jolly Phonics da aka horar da malaman firamare a kansa a jihohi da dama har da Jigawa, wanda ke koyar da sautuka 42, yana farawa da s, a, t, i, p, n, kowanne da waƙarsa da motsin hannunsa, kafin yaro ya haɗa su ya gina kalma. Wannan komawa ce ga dabarar ba, be, bi, bo, bu, kuma amfaninta a bayyane yake, tun da tana tilasta wa malami da ɗalibi su raba p da f tun a aji ɗaya. Sai dai shirin da kansa ya ware rukunin kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, irin su "the" da "said" da "one", ya ce a haddace su da ido, kuma waɗannan suna cikin kalmomin da suka fi yawan zuwa a kowane shafi. A wannan gaɓar malamin firamare a Gwaram yana yin aikin alaramma ne, ko da ba a gaya masa haka a wurin bita ba.

Tasirin bai tsaya a ɓangare ɗaya ba, domin sifelin ɗin Turanci ya daɗe da shiga rubutun Hausa ta bayan gida. Matafiyin da ya taso daga Kano ta Wudil zuwa Birnin Kudu zai wuce allon da aka rubuta Kachako, haka kuma Bauchi da Hadejia suke a takardun hukuma, alhali a ƙa'idar boko Kacako ne da Bauci da Haɗeja. Wayar hannu ta ƙara faɗaɗa abin: matasa na rubuta "chikin" da "lapiya" a WhatsApp da Facebook, suna sa q a gurbin ƙ da x a gurbin z, yayin da manhajar gyaran rubutu ke daidaita musu kalmomin Turanci kafin su lura, wani lokaci ma ta mayar da kalmar Hausa ta Turanci ba da izininsu ba.