TARIHINMU: Daga Mazari Zuwa Kwarashi, Gadon Hannun Iyaye Mata a Kwali



A gidajenmu da yawa a nan Kwali, in aka buɗe tsohon akwatin Kaka, za a tarar da 'yar hular jariri da safa da rigar sanyi na saƙar hannu, a naɗe da kafur. Wata hular ta rufe kan uba, ta rufe kan ɗansa, yanzu tana jiran jika. To ina asalin wannan sana'a?

Kafin zuwan kwarashi, auduga kakanninmu mata suke sarrafawa. Su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari, sannan a kai wa masaƙa su yi gwado da saƙi, wasu matan kuma su saƙa zane da kansu a cikin gida. Saƙar kwarashi kuwa ta bunƙasa ne a Turai a ƙarni na 19, ta shigo mana zamanin mulkin mallaka ta makarantun 'yan mata da na mishan. Hannun da ya saba da zare bai sha wahalar karɓarta ba. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, yadin inji ya ƙara yawa, kaɗi ya ja baya, kwarashi ya zauna a ɗaki yana hidimar goyon ciki da suna da sanyin hunturu.

Mu mutanen Kwali mun san darajar abin da mace ke koya a gida. Ladi Kwali, 'yar Gbagyi, a wajen gwaggonta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye tukwanenta, a wurinsa Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan naira ashirin. Da gwaggon nan ba ta zaunar da ita ba, da duk wannan bai samu ba.

Yau gwanjo ya cika kasuwa da rigunan sanyi masu araha, 'yan matanmu kaɗan ne ke riƙe kwarashi. Duk tsohuwar da ta rasu ba ta koyar ba, ta tafi da salon saƙarta.

Don haka muna roƙo, mu buɗe akwatunan nan, mu tambayi tsofaffi wa ya saƙa, a wace shekara, don wa, mu rubuta mu ajiye tare da kayan. Mu zaunar da yara kusa da waɗanda suka iya tun suna raye.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya.