Mutuwar dakarun mugu a fina-finan Japan

A shekarar 1971 kamfanin Toei na ƙasar Japan ya fara nuna Kamen Rider, shirin talabijin da Ishinomori Shotaro ya ƙaga. A cikinsa aka ga dakarun ƙungiyar Shocker: shigarsu iri ɗaya, babu suna, babu kirari. A farkon shirin, idan jarumi ya kar ɗayansu, sai ya narke ya zama kumfa.

Daga nan salon ya yi ta sauyawa. A Bioman na 1984 dakarun ƙarfe ne, a buge fuska inji ya bayyana. A Zyuranger na 1992 da yumɓu aka gina su, kuma su ne Amurkawa suka ara a Power Rangers a 1993. A 1994 aka sa musu harafin Z a ƙirji. Da an doki wurin sai su wargaje.

Dalilin a fili yake: shiri ne na yara, ba a son jini ko gawa. Rufe fuska kuma ya ba ƴan wasa kaɗan damar mutuwa yau su dawo gobe.

Sai dai al'adar ta girmi talabijin. Labaran yaƙe-yaƙen Kabi da Gobir sun riƙe sunayen sarakuna, sun bar na dakaru. Ya kamata malami ya tambayi ɗalibansa: wanda ya faɗi a fagen fama, ɗan wa ne?