Asalin Kalmar "Mandarin" da Labarin "Man Da Ren" da Ake Koya wa Ɗaliban Sin

Akwai wani bayani da ya daɗe yana yawo a bakin masu koyar da Turanci ga ɗaliban ƙasar Sin, har wasu sun ɗauke shi abin da ba ya bukatar hujja. Idan aka zo kan kalmar mandarin, sai malami ya tsaga ta gida uku a allo: man, da, ren. Ya ce man taƙaitaccen sunan ƙabilar Manchu ne, wadda ta kafa daular Qing, da ren kuma laƙabin girma ne da ake kiran masu mulki da shi, ma'anarsa babban mutum. Turawa, in ji shi, sun ji talakawa suna ta cewa "Man da ren", wato babban mutumin Manchu, sai suka kwashi furucin yadda yake suka kai gida. Ɗalibai suna son bayanin domin yana saurin zama a ka, kuma akwai daɗi a ce ga wata kalmar Turanci da aka aro daga gidanku. Wannan maƙala tana ganin bayanin kuskure ne, kuma a ganina ɓarnarsa ta wuce batun asalin kalma.

Ma'anonin kalmar ba a jayayya a kansu. A Turanci ta fara ne da nufin jami'in gwamnatin sarkin Sin, irin wanda ya samu muƙami ta hanyar jarrabawar nan da aka soke a 1905. Daga nan ta koma kan harshen da jami'an ke magana da shi, kuma wannan ce ma'anar da ta fi rinjaye a yau. Ana kiran wani irin lemu da ita, da wata agwagwa mai ado, a Ingila kuma 'yan jarida na yi wa manyan sakatarorin gwamnati laƙabi da ita, sau da yawa cikin zolaya. Asalin da masana suka tsaya a kai ma ba sabo ba ne, Yule da Burnell sun tattara hujjojinsa tun 1886: Turanci ya karɓa daga mandarim ta harshen Fotigal, ita kuma daga menteri ta harshen Malay, wadda tushenta mantrin ce ta Sanskirit, wato mai ba sarki shawara. Har gobe da wannan kalma ake kiran minista a Malesiya da Indonesiya.

Hujja mafi sauƙi ita ce ta lissafin shekaru. Turawan Fotigal sun ci birnin Malaka a 1511. Tomé Pires, wani mai haɗa magunguna da aka tura can, ya rubuta littafinsa Suma Oriental tsakanin 1512 da 1515, kuma a ciki yana kiran manyan fadar Malaka mandarin. A lura, fadawan Malay yake nufi, kuma a lokacin bai taka ƙasar Sin ba, sai a 1517 ya isa Kanton a matsayin jakada. Nurhaci, wanda ya haɗa kan ƙabilun da daga baya suka zama Manchu, an haife shi a 1559. Ɗansa Hong Taiji ne ya tabbatar da sunan Manchu a hukumance a 1635, dakarunsu kuma ba su shiga Beijing ba sai 1644. Kafin nan kalmar ta riga ta shiga Turanci ta cikin fassarar da Robert Parke ya yi wa littafin Mendoza kan ƙasar Sin, wanda ya fito da Sifaniyanci a 1585. Kalma ba za ta girmi mutanen da aka ce daga sunansu ta fito da shekara fiye da ɗari ba.

Da a nan maganar ta ƙare, da ba ta isa maƙala ba. Amma wani abokin aiki, wanda ya daɗe yana koyarwa a kudancin Sin kuma bai yarda da ni ba, ya kawo sukar da ta cancanci a zauna a kanta, domin ta fi abin da aka saba ji ƙarfi.

Babbar hujjarsa ita ce sauti. Ya ce a ajiye menteri da mandarin gefe da gefe: ta farko tana da t inda ta biyu ke da d, kuma ba ta da n a ƙarshe. A ajiye man da ren kuwa, sai a ga kusan harafi da harafi sun dace. Shin mai hankali zai bar wanda ya dace ya kama wanda sai an yi masa kwaskwarima? Tambayar tana da kyau, amma ina jin dacewar da yake gani a takarda take, kuma takardar ta zamaninmu ce. Rubuta kalmar Sinanci mai nufin mutum da harafin r, wato ren, tsarin Pinyin ne ya yaɗa shi, kuma an amince da Pinyin ne a 1958. Turawan da suka ji wannan kalma da kunnensu a ƙarni na 16 da na 17 ba r suka ji ba. Limaman Jesuit na farko gin suke rubutawa. Shaidar haka tana nan a kan kwalaben magani har yau: saiwar nan da Sinawa ke kira renshen, Turawa ginseng suka kira ta, kuma gaɓar farko ita ce dai wannan kalma ta mutum. Da Thomas Wade ya tsara nasa rubutun a ƙarni na 19, jên ya sa, shi ya sa a takardun ofisoshin jakadancin lokacin za a ga ana rubuta laƙabin da ren da siffa irin ta ta-jên ko tajin. A tashoshin kudu kuwa, inda jiragen Fotigal suka fara tsayawa, lamarin ya fi nisa. Mutanen Kanton daai yan suke cewa, ba ko ƙamshin r a ciki. Da Bature ya ari laƙabin daga bakin mutane, da abin da zai iso mana ya fi kama da mantajin.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Mun san yadda Turawan Fotigal suka rubuta laƙabin jami'an Sin a lokacin da suka ji shi daga bakin Sinawa. Galeote Pereira, wanda aka kama a gaɓar Fujian a 1549 ya yi zaman kurkuku, da Gaspar da Cruz, wanda littafinsa kan Sin ya fito a Évora wajen 1570, dukansu suna amfani da wata kalma mai siffar loutea ko louthia, daga laƙabin girmamawa na mutanen Fujian. Ke nan suna da kalma biyu a hannu: ɗaya da suka ji a wurin, ɗaya da suka zo da ita cikin kayansu daga yamma. Ta biyun ce ta rayu.

Saura batun n ɗin ƙarshe, wanda abokin nawa ya ɗauka shi ne lagon hujjata. Wannan ɗabi'a ce sananniya ta harshen Fotigal: idan ya ari kalmar Asiya mai ƙarewa da wasalin i, yakan fitar da wasalin ta hanci, a rubuta shi im. Garin Kochi na Indiya ya zama Cochim. Sarkin Kalikut, Samudiri, ya zama Samorim. Sojan haya, lashkari, ya zama lascarim. Ba wanda ya taɓa cewa akwai Manchu a ɓoye a cikin waɗannan. Menteri ko mantri ta bi sahun 'yan uwanta ne kawai ta zama mandarim, sauran harsunan Turai kuma suka mayar da im ɗin in.

Da na gabatar masa da wannan, sai ya ja da baya zuwa wani matsayi da ya fi wuyar rushewa. Ya ce to, a bar wa Fotigal haihuwar farko. Amma kalma tana iya samun haihuwa ta biyu. A ƙarni na 18 da na 19, lokacin da 'yan kasuwar Ingila suka cika Kanton, Manchu ne ke mulki, laƙabin da ren kuma yana ko'ina. Me zai hana a ce jin "Man da ren" a kullum shi ya raya tsohuwar kalmar a bakin Ingilishi, ya ba ta ƙarfin da take da shi?

A nan dole in rage faɗin da'awata. Ba zan iya rantsewa cewa babu wani tafinta ko ɗan kasuwa a Kanton da ya taɓa jin kamannin nan ya haɗa biyun a ransa ba, kuma gaskiya ne cewa wasu manyan muƙamai a can, kamar na shugaban kwastan, yawanci mutanen gidan sarautar Qing ake ba su. Abin da hujja ta ba ni dama in faɗa ya fi ƙanƙanta, amma ina ganin ya isa. Kalmar ba ta taɓa mutuwa ba balle a ce an raya ta: tana cikin littafin Matteo Ricci da Trigault ya buga a 1615, tana kan bangon nahawun Francisco Varo, Arte de la lengua mandarina, da aka buga a Kanton a 1703. Sannan yadda ake amfani da da ren a Sinanci bai goyi bayan labarin ba. Sunan dangin mutum ake sa wa a gaba. Kwamishina Lin Zexu, wanda ya lalata kayan 'yan kasuwar ofiyom a 1839, Lin da ren za a ce masa, kuma duk wanda ya ji an ce "Man da ren" zai fi ɗauka wani jami'i ne mai suna Man. Lin kansa ɗan ƙabilar Han ne daga Fujian, ba shi da haɗi da Manchu, amma a wurin Ingilishi shi ne mandarin na sosai. Turawa kuma sun ci gaba da kiran fadawan Siyam da na Biyetnam da sunan, inda babu Manchu ko ɗaya a kan mulki. Mai da'awar haihuwa ta biyu shi ke da nauyin kawo rubutu daga wancan zamani da ke nuna ta, kuma abokin nawa bai kawo ba.

Inda na yarda akwai sarari na gaske shi ne kan harafin d. Harshen Fotigal yana da aikatau mandar, ba da umarni. Ricci kansa ya yi zaton daga nan kalmar ta fito, kodayake da "wataƙila" ya faɗa. Masana ba su karɓi wannan a matsayin tushe ba, amma da yawa suna ganin kunnen matuƙan jirgin Fotigal ya karkatar da baƙuwar kalmar zuwa ga wadda ya sani, tun da mai muƙami ai mai ba da umarni ne. Wannan ya fi kusa da hankali, kuma shi ma irin aikin nan ne na jan baƙon abu zuwa gida. Mu ma mun san shi: an daɗe ana cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito, labari mai daɗin ji wanda masana harshe ba su ɗauka ba. Haka kuma hujjojin sun bar ƙofa biyu a buɗe game da inda aka fara jin kalmar, ko Malaka ko gaɓar yammacin Indiya, inda mantri ke cikin harsunan wurin kuma Fotigal ta kama Goa tun 1510. Littafin Pires yana sa ni karkata ga Malaka, amma karkata ce kawai.

Matsayin abokin nawa na ƙarshe na malami ne. Ya ce ko da labarin ba gaskiya ba ne, dabarar hadda ce, kuma ɗalibin da ya riƙe rubutun kalmar ta wannan hanya ya ci riba, wa aka cuta? A nan ne na fi rashin yarda da shi. Ɗalibi ba ya tsayawa a kan rubutu. Idan aka gaya masa mandarin na nufin babban mutumin Manchu, kuma ya san Mandarin shi ne sunan Turanci na harshen da ake koyarwa a makarantun ƙasarsa, da kansa zai kai ga cewa wannan harshe na Manchu ne, ko Sinanci ne da Manchu suka gurɓata. Wannan magana kuwa ana jin ta a muhawarar da ake yi tsakanin wasu masu kishin harsunan kudu da masu goyon bayan daidaitaccen harshe, kuma labarin man da ren na cikin abubuwan da ake jawowa a matsayin shaida. Kishin harshen Kanton ko na Fujian yana da hujjojinsa masu kyau, ba ya bukatar wannan.

A gaskiya sunan Mandarin da aka ba harshen fassara ce ta guanhua, maganar jami'ai, kalmar da Sinawa ke amfani da ita tun zamanin daular Ming. Ricci, wanda ya rasu a Beijing a 1610, ya bayyana shi a matsayin harshen da ake shari'a da mulki da shi a duk faɗin ƙasar, domin ana tura jami'i aiki ne a lardin da ba nasa ba, inda ba ya jin maganar mutanen gari. A lokacin lafazin yankin Nanjing ne abin koyi, na Beijing bai rinjaya ba sai a ƙarni na 19. Harshen Manchu kuwa daga wani dangi yake daban, na Tungus, kuma tasirinsa da aka fi sani a kan maganar Beijing shi ne 'yan kalmomin aro, irin su saqima, wani kayan zaƙi na soyayyen fulawa da ake sayarwa a shaguna. Sarakunan Qing su ne suka koyi guanhua, har suka zama masu tilasta shi: a 1728 Sarki Yongzheng ya yi ƙorafin cewa ba ya gane maganar jami'an da suka fito daga Fujian da Guangdong, ya ba da umarnin a koya musu, aka buɗe makarantun gyaran lafazi a lardunan biyu. Zuriyar Manchu kuwa a hankali suka bar nasu harshen, har ya zama a yau masu jin Manchu tun daga ƙuruciya 'yan tsiraru ne, tsofaffi a wasu ƙauyukan lardin Heilongjiang.