Yahaya Abdullahi, Sanatan Kebbi ta Arewa

Dakta Yahaya Abubakar Abdullahi, Mallamawan Kabi, ɗan siyasa ne daga ƙasar Argungu wanda ya shiga Majalisar Dattawan Nijeriya a 2015 yana wakiltar Kebbi ta Arewa. Ya riƙe muƙamin Jagoran Masu Rinjaye daga 2019 zuwa 2022, sannan ya zauna a kujerun 'yan adawa daga Yunin 2022 zuwa Mayun 2025. 

Mazaɓar

Ƙananan hukumomi shida ne a Kebbi ta Arewa: Argungu, Augie, Arewa Dandi, Dandi, Suru da Bagudo. Kamba da ke Dandi na kallon Nijar. Bagudo kuwa, wadda Kogin Kwara ya ratsa, ita ce ke fuskantar Jamhuriyar Benin, ta Lolo da Tsamiya, inda hanya ke ɓullewa Segbana. Tsohon garin Illo yana nan cikinta, zangon fatake tun zamanin da ayarin goro ke bi ta Borgu zuwa Gwanja, kafin Ingila da Faransa su raba ƙasar a 1898. Hausawa da Fulani da Dandawa da Kyangawa da Busawa ke zaune a nan, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a tsallake. Don haka duk wanda ya wakilci wannan yanki, maganar iyaka ce ke jiransa a ƙofar gida.

Kafinsa kujerar ta bi hannun Adamu Augie, da Sani Kamba, da Umar Argungu, da Isa Galaudu. Biyun farko 'yan adawa ne su ma, a zamanin da Kebbi ke hannun APP, wadda ta koma ANPP, PDP kuma na mulki a Abuja.

Daga aikin gwamnati zuwa jagorancin majalisa

Yahaya ya kai matsayin babban sakatare a gwamnatin tarayya kafin ya yi ritaya. Guguwar Buhari ta 2015 ce ta kai shi majalisa a tutar APC, a shekarar da Atiku Bagudu ya zama gwamna. Zangonsa na farko bai yi amo sosai ba. Tauraronsa ya haska ne a 2019, lokacin da ya shugabanci kwamitin neman wa Ahmad Lawan shugabancin majalisa. Ranar 11 ga Yuni Lawan ya kayar da Ali Ndume da ƙuri'a 79 da 28, a farkon Yuli kuma aka naɗa Yahaya Jagoran Masu Rinjaye.

Aikin wannan kujera shi ne ɗaukar kayan gwamnati a ka. Jagora ne ke gabatar da ƙudirorin fadar shugaban ƙasa a zaure, shi ke buɗe muhawara a kansu. A zamaninsa aka zartar da dokar kuɗi da ta ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, da dokar man fetur ta 2021, da dokar zaɓe ta 2022. Masu suka sun yi ta kiran wannan majalisa 'yar amshin shata.

Bai cika wata biyu a kujerar ba aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, a Agustan 2019, don hana shigo da shinkafar waje daga Kwatano da fitar da fetur. A Nuwamba hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Matakin ya raba mazaɓarsa gida biyu. Manomin fadamar Suru da Argungu, wanda aka ƙaddamar wa shirin rancen noman shinkafa a Kebbi a Nuwamban 2015, ya ga buhunsa ya yi daraja. Mutumin Lolo da Tsamiya kuwa ya wayi gari famfon gidan mai a bushe, sai ya ɗaura jarkoki a bayan babur ya yi tafiya mai nisa, ya ratsa shingayen jami'ai, kafin ya samo abin da zai zuba wa injin ban-ruwa. Da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a Disamban 2020, babu iyakar Kebbi ko ɗaya a ciki. Kamba sai Afrilun 2022. Duk tsawon wannan lokaci sanatan yankin shi ne bakin gwamnati a majalisa.

Ficewa

Ba iyaka ce ta fitar da shi daga APC ba, rikicin cikin gida ne. Zaɓukan shugabannin jam'iyya na 2021 sun bar ragamar APC ta Kebbi a hannun Gwamna Bagudu. Ɓangaren tsohon gwamna Sanata Adamu Aliero, wanda Yahaya ke ciki, suka ce an yi musu ƙarfa-ƙarfa, har suka buɗe nasu ofishin jam'iyyar daban a Birnin Kebbi. Yahaya na neman gwamna, Bagudu na neman kujerar Aliero ta Kebbi ta Tsakiya. A Mayun 2022 tikitin gwamna ya faɗa hannun Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, shugaban ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa a lokacin. A tsakiyar Yuni aka karanta wasiƙun Yahaya da Aliero a zaure: sun koma PDP, suna zargin gwamna da ƙwace jam'iyya. Yahaya ya ajiye jagoranci, Ibrahim Gobir na Sakkwato ta Gabas ya gaje shi.

Sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya bar kujerarsa, sai fa idan jam'iyyarsa ta dare. Kamar yadda aka saba, ba a taɓa kujerar kowa ba.

Zaɓen 2023 ya nuna cewa ficewar ba ta banza ba ce. PDP ta lashe kujerun dattawa uku na Kebbi: Aliero ya kayar da gwamna mai ci, Garba Maidoki ya kayar da Bala Ibn Na'Allah a kudu, Yahaya ya kayar da Hussaini Kangiwa. Amma Nasir Idris ya doke Aminu Bande na PDP a zaɓen gwamna bayan zagayen cike gurbi na 15 ga Afrilu. Wato mutanen Kebbi sun zaɓi mutum ne, ba tuta ba.

A majalisa ta goma

Majalisar Godswill Akpabio ta ba shi shugabancin kwamitin tsare-tsaren ƙasa. Shugaba Tinubu kuma ya naɗa Bagudu ministan kasafi da tsare-tsare. Sai ga wanda ya sa shi barin jam'iyya yana zuwa gabansa kare kasafin ma'aikatarsa.

Iyaka ta sake dawowa. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya rage ribar masu tsallakar da fetur. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli ya sa aka sake rufe Kamba, sanatocin Arewa suka ƙi amincewa da shirin ECOWAS na kai yaƙi, majalisa ta bi bayansu a farkon Agusta. Ba a buɗe iyakar ba sai Maris 2024. A Nuwamban 2024 'yan bindigar Lakurawa suka kai hari Mera ta ƙaramar hukumar Augie, suka kashe mutum 15.

A Mayun 2025 sanatocin Kebbi uku suka gana da Tinubu a fadar Aso Rock, tare da Abdullahi Ganduje da Gwamna Nasir Idris da Bagudu. Ranar 13 ga watan aka karanta wasiƙunsu na komawa APC, suka kafa hujja da rikicin da ya addabi PDP.