Takalmin Awo a Kano, Daga Zamanin Rumfa Zuwa Na Roba

Duk abin da baduku zai ɗinka, majemi ne ya riga ya yanke masa iyaka. In fata ta jemu da kyau, ko yaron da bai daɗe da kama basilla ba zai fitar da abin sawa. In an yi mata gaggawa, gwanin gwanaye ma sai dai ya yi ta ɓoye aibi. Shi ya sa in aka ce in ba da tarihin sana'armu, daga Majemar Ƙofar Wambai nake farawa, inda har yau ake jiƙa fata a ruwan toka, a kankare gashi, a tausasa ta da fatakka, sannan a jeme ta da bagaruwa. Jan launi daga karan dafi ake samunsa, rawaya daga gangamau, kore kuwa, wato korino, sai an haɗa da garin tagulla. A wannan ƙasar ta bagaruwa ne kuma Allah ya ajiye jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ke da laushi da ƙarfi lokaci guda. Ita fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, har Turawa suka saye ta suna kiranta fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafansu bango da ita.

Sunan dukawan ƙasar Hausa ya daɗe da fita waje. A ƙarni na 16 Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta cewa a Gobir akwai masu ɗinka takalma irin na Rumawan dā, ana kai su Tambutu da Gawo. Da Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa takalman da ake fitarwa daga birnin a shekara sun kai na wuri miliyan 10. Tufafi sun yi musu fintinkau, don su ya ƙiyasta su a miliyan 300, amma a cikin abin da hannun Bakano ke yi, bayan saƙa da rini sai takalmi.

Wannan na kasuwa ke nan: a yanka da yawa, a ɗinka da yawa, a ɗaure a ɗora wa raƙumi, duk wanda ya dace da ƙafarsa ya saya. A gefensa kuma akwai aikin awo, wanda ake yi wa mutum ɗaya da sunansa, kuma fada ce ta raine shi. Tarihin Kano ya lissafa takalmin gashin jimina cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara kawowa, kuma har yanzu da shi ake gane Sarkin Kano. Irin wannan ba a zuwa kasuwar Kurmi a taya. Haka kurufa na mahaya: in ta matse ƙwauri, mutum ba zai kai azahar a kan doki ba, in ta yi sako-sako, ta dinga zamewa a likkafa. Dole baduku ya je gidan mai ita, ya tsugunna, ya zagaya ƙafar da zare ya ƙulla alama. Iyayenmu ba su da lamba arba'in da biyu ko arba'in da uku. Abin da suke da shi zare ne da ido, da kuma sanin cewa ƙafar dama da ta hagu ba sa zama daidai.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga nan fata ta juya baya ga Sahara ta fuskanci Ikko. Kamfanonin Turawa ba jemammiya suke nema ba, ɗanya suke so, busasshiya, su kai ƙasarsu su jeme da kansu. Aka baza malaman fata suna koya wa mahauta fiɗa ba tare da ƙuje ta ba, da shanya a inuwa. Wannan ya gyara ingancinta ƙwarai, ba zan musa ba, sai dai gyaran na mai saye a Liverpool ne. Tun daga lokacin majemin gida ya fara takara da wanda ya fi shi jari.

Zamanin Turawa ya kawo wani abu kuma: takalmi sau-ciki. Ɗan makaranta, ɗan doka, soja, malamin En'e, kowa sai da shi. Kamfanin Bata ya cika gari da nasa, har sunansa ya zauna a kan wata mahaɗar hanyoyi kusa da Sabon Gari. Sau-ciki kuwa ba ya ɗinkuwa sai da las, wato ƙafar katako da ake jan fata a kai ana kafe ta da ƙananan ƙusoshi har ta ɗauki siffa. Wannan ba gadonmu ba ne, koyo muka yi, yawanci a Sabon Gari wajen mutanen kudu, daga baya kuma wajen 'yan Gana da suka cika birane suna aikin shumeka kafin a sallame su a 1983. A Landan, gidan John Lobb yana sassaƙa wa kowane mai saye las ɗinsa, a rubuta sunansa a ajiye. Mu nan ba mu da wannan halin. Las ɗaya muke ɗauka mu liƙa masa guntayen fata a inda ƙafar mutum ta tasa, mu gama aikinsa mu ɓamɓare, gobe mu liƙa na wani. Tsofaffin dukawa da yawa sun ƙi wannan aikin gaba ɗaya, suka tsaya kan gafaka da kube da ɗinkin laya da kayan doki, kuma ban ga laifinsu ba.

Ana yawan ɗora wa roba alhakin durƙushewarmu, musamman da takalman Sin da na Aba suka mamaye kasuwa. Gaskiya ta kwashe mana talaka, amma talaka dama ba mai yin awo ba ne. Wanda ya sayi silifas na roba, dā ma na taya zai saya. Abin da ya fi yi mana illa shi ne fata mai kyau ta daina tsayawa a hannunmu. Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna aiki da sinadarin kurom, wanda ke gama cikin ɗan lokaci abin da bagaruwa ke ɗaukar kwanaki, kuma zaɓaɓɓiyar fatarsu Italiya da Sifen take tafiya. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, wanda ke biya da dala ya zama shi ke da magana. Gwamnati ta hana fitar da ɗanyar fata, amma hakan bai sa mai kyaun ta sauko kasuwarmu ba. Ƙirgin shanu kuwa, wanda da shi ake ƙasan takalmi, masu ganda sun riga mu. Sai ga baduku a birnin da duniya ke zuwa sayen fata yana tsintar wadda kamfani ya ƙi, ko yana sayen ledar roba mai kama da fata, wadda zafin Kano ke ɓarewa tun ba a je ko'ina ba.

Gam ma ya yi tasa ɓarnar. Dā sai yaro ya shekara yana murza zare da kakin zuma, yana huda, yana kallon maigidansa, kafin a ba shi wuƙa ya yanka fata. Yanzu ana shafa gam a manna a buga da guduma, wata shida yaro ya buɗe shagonsa. Cibiyar koyon fasahar fata da ke Samarun Zariya tana yaye ɗalibai, wasunsu sun fi mu iya zanen samfuri nesa ba kusa ba, amma ɗinkin hannu da ke riƙe sama da ƙasa, wanda ke sa a iya kwance tafin takalmi a sake masa sabo, masu yinsa suna ƙaranci.

Waɗanda suka riƙe aikin awo har yau su ne masu ƙafar da kamfani bai san da ita ba. Akwai masu sarauta da mahayansu, da Sallah ta gabato ba ma barci. Akwai wanda shan inna ta gajarta masa ƙafa ɗaya, sai an ɗaga masa dunduniya daidai gwargwado. Akwai mai ciwon suga da ba a so ko ɗinki ɗaya ya goge shi daga ciki, da Alhajin da ƙafarsa ta faye faɗi. Sai angwaye, waɗanda matasanmu ke samowa ta Instagram. Su waɗannan yaran sun dawo wa sana'ar da kwarjini, suna buga sunansu a cikin takalmi, suna aikawa Abuja da Yamai. Inda muke saɓawa da su shi ne awo ta waya: mai saye ya taka takarda ya zana ƙafarsa ya turo hoto ta WhatsApp. Takarda tana nuna tsawo da faɗi, amma ba ta nuna tudun bayan ƙafa, kuma nan ne sau-ciki ke matsewa. Ni in mutum yana cikin gari sai ya zo da kansa, da la'asar lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya tsaya tsaye sanye da irin safar da zai riƙa sawa, in auna duka biyun.